Saƙon da Na Kai Sau Biyu

Ranar wata Talata, a daminar da na cika shekara tara, Dada, mahaifiyarmu, ta kira ni daga bayan rumbu inda nake carafke, ta ce in wanke ƙafa in tafi Lamorde wurin malamin yayana Buba. Lauje ya yanke Buba a gonar gyaɗa, ƙafa ta kumbura, ga jarrabawa saura kwana biyu, kuma a lokacin duk wanda aka daina gani babu labari, goge sunansa ake yi. A gidanmu shi kaɗai aka sa boko. Mu namu ɗebo ruwa, tsinkar yakuwa da korar birai daga masara. Na tsallake mayo, wato rafin garinmu, ruwa har gwiwa, ina ta maimaita saƙon kada ya zube mini a hanya. Da na hango malamin a bakin aji, tun daga gindin ɗorawa na ɗaga murya: "Buba ba zai zo ba!" Ko waiwayowa bai yi ba. To, wane Buba? Sun fi biyar a makarantar. Na koma gida ina cika ina batsewa, wai an raina ni.

Dada ba ta dake ni ba. Ta jingine taɓarya ta ce, "Ba kai saƙo kika yi ba, jefa shi kika yi. Ki yi sallama, ki gaishe shi, ki faɗi 'yar gidan wa ce ke, ki faɗi abin da ya kawo ki sau ɗaya, sannan ki rufe baki ki jira." Ko kunu ban kurɓa ba ta juya ni. Karo na biyu na durƙusa, na yi yadda ta ce. Malamin ya ajiye alli, ya tambayi jikin Buba, ya ce a gaya wa Dada sunansa na nan, zai rubuta jarrabawar idan ya warke.

Shi ya sa a watan jiya ban yi shiru ba. Jikata Hauwa, da ke ajin ƙarshe a jami'a, ta tura wa farfesanta imel har uku ya duba aikin kammalawarta, shiru, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓa, in ta wuce sai baɗi. Na ce ta karanta mini abin da ta rubuta. Wai, "A duba min aikina da gaggawa." Shi ke nan! Babu gaisuwa, babu lambarta, babu ajinta, kan saƙon ma fayau, sunan da take turawa da shi kuma wai Gimbiyar Mubi.

Ta ce, "Kaka, ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, me kika sani da imel?"

Na ce, "Sunana ban taɓa rubutawa ba, amma ban taɓa ɓoye shi a ƙofar babba ba. Zauna nan, 'yar nema."

Ni na faɗa, ita ta danna. A kan saƙon, abin da ya kawo ta. A ciki, gaisuwa da girmamawa, cikakken sunanta da lamba da aji, buƙata guda ɗaya da ranar da za a rufe, godiya, sai suna kuma a ƙarshe. Ta so ta ƙara wannan fuskar mai kuka ta cikin waya, na ce wallahi ba a gabana ba. Washegari kafin la'asar amsa ta zo: ta kawo aikin ofis ranar Alhamis. Ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ta sayo mini goro.

Yanzu saƙo ba ya jiƙa zane a mayo, ba ya kuma barin mutum da yunwa, shi ya sa yaran yanzu suke jefa shi tun daga gindin ɗorawa. Wani lokacin nakan so a ce Dada tana nan ta ga abin da ta koya mini a bakin turmi ya shiga cikin waya. Hanyar ce ta gajarce, ƙofar malam tana nan inda take.