Ranar da Na Ce Jinin Baba Ya Kai Ɗari da Sittin da Takwas

Shekarun baya, ina hutu daga jami'a a Ngawundere, na dawo Garwa na tarar Baba yana fama da ciwon kai a ƙeya. Mahauci ne, shekara talatin yana yanka shanu, kuma bai yarda da ciwon da ido ba ya gani. Da ƙyar mahaifiyata ta tura shi lopital, wato asibiti. Ya dawo ya miƙo min karne ɗinsa, ɗan littafin nan na asibiti, ya ce, "Ke mai boko, karanta. Sun ce tansiyo ce, wai hawan jini."

Na duba na ga an rubuta 17/10. Ban san kan abin ba, amma na gyaɗa kai kamar likita. Maganin kuwa Baba ya sha na kwana uku, kai ya daina ciwo, ya tura sauran ƙarƙashin katifa.

Bayan mako biyu yayata da ke aure a Yola ta aiko da na'urar awo, irin mai batir. Na ɗaura masa a dantse, yana shigowa daga mayanka, ko zama bai gama yi ba. Na'urar ta yi gurnani ta tsaya: 168 a sama, 102 a ƙasa.

 Daga sha bakwai zuwa ɗari da sittin da takwas! Takalmi wari-wari na sa, na ruga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bafulatana da ta yi ritaya daga aikin nas.

"Goggo, ki zo, jinin Baba ya ninka sau goma!"

"Yana ina?"

"Yana cin tuwo."

Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ba tare da gaggawa ba.

Da ta ga lambar sai da ta yi dariya har da tari. "Ke 'yar jami'a, ai abu ɗaya ne. Mu nan sha bakwai muke cewa, su can Yola ɗari da saba'in. Sifili kawai muke yarwa."

Kunya ta kama ni, amma son sani ya fi kunyar. Na ce to me ya sa lambobin biyu ne?

Ta ce ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa. Ni ina ta ƙoƙarin hango abin a kaina, sai Baba ya ajiye lomarsa.

"Wannan ai na san shi. In ka yanka sa, jinin ba zuba yake kamar famfo ba. Tsartuwa yake, ya lafa, ya sake tsartuwa."

"Yawwa, Alhaji! To naka ko da ya lafa, bai lafa ba."



Ta sa ya huta minti biyar, ya jingina, ba magana, ta sake aunawa. Jinin ya ɗan sauka kaɗan. Ta ce awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ga na lopital, ga wannan, duk a sama. Sai ta lissafo mana da yatsu: sha biyu da takwas, lafiya. Daga sha huɗu da tara, hawan jini ya fara, mataki na ɗaya. Sha shida da goma, na biyu. Sha takwas da sha ɗaya, na uku. In lambobin biyu suka saɓa, wadda ta fi muni ake bi.

"Ni ina ina?" in ji Baba.

"Na biyu."

"Amma kaina ya daina ciwo, Hajiya."

"Ba da kai ake auna shi ba. Mijina ma kansa bai taɓa ciwo ba, har safiyar da ya faɗi a bakin rijiya."

Duk unguwa mun san shekara huɗu ta yi tana jinyarsa, ɓarin jikinsa a shanye. Baba ya tashi da kansa ya ɗaga katifa.

Ya koma lopital, ya riƙe magani. Gishiri da dunƙulen miya aka rage, ya yi ta mita wai an mayar da shi jariri. Cikin 'yan watanni ya sauko sha uku da takwas. Har na'urar ya riƙa ɗauka zuwa kasuwa yana auna abokan sana'arsa, yana hana su magana sai minti biyar ta cika. Da ya samu ɗaya a mataki na uku, ya rufe tebur ya raka shi lopital a kan babur.

Har yau abin da ke ba ni mamaki shi ne, ni na yi karatun, amma shi ya riga ni ganewa, don an yi masa bayani da abin da hannunsa ya sani. Yanzu ya tsufa, ya bar yanka. In na kira shi a waya, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "Ke, yaushe rabonki da awo?"