Surukin da Ya Ƙware a Mutuwa

Liao Peishan ta daɗe tana aikin nas a wani asibiti a garin Chiayi, a ɗakin masu ciwon ciki da na ƙirji, inda yawancin majinyatan tsofaffi ne. Mace ce gajera mai saurin tafiya, wadda in an rasa jijiya a hannun tsoho ita ake kira. Mijinta Ah-Kun yana sayar da shinkafa da naman talo-talo a shagon da ke ƙasan gidansu, su kuma suna zaune a sama tare da mahaifinsa, tsoho Tu.

Da ta haura arba'in sai gwiwoyinta suka fara ƙorafi. Ta duba ta ga ba za ta iya ɗaga tsofaffi da juya su har ranar ritaya ba, don haka ta shiga karatun babbar nas, irin wadda ke duba marar lafiya da kanta, ta yi masa tambayoyi, ta tsara gwaje-gwaje, likita ya sa hannu. Asibiti bai rage mata aiki ba saboda karatu. A kan babur take sauraron darasi, a wurin cin abinci take haddar sunayen magunguna, har wata rana wata tsohuwa ta roƙe ta ruwan sha, ita kuwa ta tsaya tana lissafa mata abubuwan da ke kawo ƙishirwa. Ta manna hoton hanji a bangon shago don ta riƙa kallo in tana taya yanka albasa, Ah-Kun ya cire shi ranar da wani mai cin abinci ya ɗaga kai ya gani, ya ajiye cokali.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, akwai kuma wadda za a kawo mutum ya yi kamar ba shi da lafiya, ta duba shi cikin ɗan lokaci a gaban masu ba da maki. Wannan ta biyun ce ta hana ta sukuni, domin tana bukatar jikin da za ta koya a kansa. Ta gwada mijinta, amma Ah-Kun mutum ne mai jin cakulkuli. Kafin hannunta ya kai cikinsa ya naɗe yana dariya. Abokan aikinta kuwa in sun kwanta mata a gado barci ke kwashe su.

Tsoho Tu ne ya kawo kansa. A ƙuruciyarsa ya yi wasan kwaikwayo a dandalin da ake kafawa gaban haikali lokacin biki, kuma kullum shi ake ba jarumin da ake sokewa a ƙarshen wasa. Tun da ƙungiyarsu ta watse ba wanda ya sake neman basirarsa. Peishan ta yi murna, ta shimfiɗa masa tabarma a falo bayan abincin rana, ta gaya masa cewa yau shi mai ciwon tsakuwar ƙoda ne, in ta tambaya ya ce bayansa ke ciwo.

Ta ce, "Baba, ina ke maka ciwo?"

Ya ɗaga hannu sama a hankali, ya dubi silin, ya fara da cewa shi maraya ne tun yana goye. Ya bi ta kan yunwa da ambaliya da wani ɗan'uwa da ya ci amanarsa. Lokacin da aka ware ya ƙare bai iso ga ƙoda ba. Da ta danna masa baya, sai ya yi wata doguwar ƙara, ya miƙe, ya yi taku uku da baya, ya faɗi kan kujera ya mutu.

"Baba, ba a mutuwa da wannan."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ke dai ki duba naki littafin, 'yata. Ni na san aikina."

Haka aka yi ta yi. An ba shi mura ya mutu, an ba shi basir ya mutu, har da wasiyya. Ranar da ta ba shi ciwon zuciya, ganin an ba shi abin da ya dace da shi, sai da ihunsa ya sa masu cin abinci biyu suka hauro da gudu, ɗaya riƙe da kwanonsa. Peishan ta yi ta yi wa mijinta ƙorafi, shi kuwa ya ce ta yi haƙuri, rabon da ya ga tsohon yana cin kwano biyu tun matar tsohon na da rai. Ita ma dai ta lura tana ƙaruwa: ta koyi katse mai dogon labari ba tare da ta ɓata masa rai ba, abin da shekarun asibiti ba su koya mata ba.

Wata ranar Lahadi ta ce masa yau ciwon kai ne. Tsohon ya kwanta ya amsa tambayoyinta a taƙaice, bai ambaci maraici ba, da ta gama kuma ya ce to madalla, ya yunƙura zai tashi da ransa. Peishan ta tsaya tana kallonsa. Ta ga gumi a goshinsa, ta ga idonsa ya ɗan yi rawaya. Ta ce ya koma ya kwanta, ta sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ta ce ya ja numfashi. Numfashin ya tsaya a rabi, bai yi ko tari ba, sai cije leɓe. Ashe ya kwana biyu yana fama yana ɓoyewa, wai don kada ya ɓata mata karatu da ciwon da ba ya cikin darasin ranar.

Tsakuwa ce a madaciya. Aka yi masa tiyata, aka kwantar da shi a ɗakin da take aiki, kuma a nan ne Peishan ta ga ta kanta. Yana farfaɗowa ya sanar da kowa cewa surukarsa na da jarrabawa, ya raba wa maƙwabtan gadonsa cututtukan da za su kwaikwaya mata. Wani tsohon manomi da aka kwantar saboda ciwon suga ya karɓi ciwon hanta, wani mai tari aka ba shi farfaɗiya. In ta shigo da safe da tiren magani sai ta tarar kowa na nishin abin da ba shi ya kawo shi ba. Wani sabon likita ya kusa tura manomin hoton ciki kafin shugabar ɗakin ta gano bakin zaren. Ta kira Peishan ofis, ta rufe ƙofa, ta yi niyyar faɗa, dariya ta ƙwace mata. Da ta natsu ta ce ko dai a sallami tsohon ko a mayar da shi ɗakin masu karayar ƙashi, inda ba mai iya tashi ya biye masa.

Jarrabawar a Taipei aka yi. Wadda aka kawo mata a matsayin marar lafiya wata matashiya ce mai sanyin murya, ana tambayarta tana amsa daidai abin da aka tambaya. Peishan ta gama da sauran lokaci, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, sai tsoro ya kama ta ko ta manta wani abu, ta sake tambayar yarinyar ko akwai abin da ke damunta a gida. Yarinyar ta saci kallon masu ba da maki ta ce babu. A jirgin ƙasa na dawowa Peishan ba ta iya cin abincin da ta saya ba.

Ta ci jarrabawar. Aka ba ta sabuwar farar riga da wayar da ba ta daina ƙara, gwiwoyin suka samu sauƙi, ciwon ya koma wuya saboda zama gaban kwamfuta. Tsoho Tu ya bi unguwa yana cewa surukarsa ta zama likita, ita kuma tana bin bayansa tana gyarawa, ba mai saurarenta. Yanzu in ta sauko shago ranar hutunta, kafin ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu wata maƙwabciya ta riga ta naɗe hannun riga tana nuna mata ƙurji. Peishan takan duba, ta ce ta je asibiti ranar Litinin, sannan ta tambaye ta ko babban kwano za a zuba mata ko ƙarami.