Garkuwar da Baba Ya Durƙusa a Bayanta

Ubana garkuwa yake yi, mijina kuwa shi ke jifan ta da mashi. Wanda ya ƙulla wannan aure Allah ya yafe masa, ni dai na daɗe ban yafe ba.

A Matameye ta wancan zamani ba a miƙa wa mayaƙi garkuwa sai an gwada ta, kuma ba gwajin ƙwanƙwasawa da yatsa ba. Wanda ya yi ta shi zai riƙe abarsa a filin bayan kasuwa, ya durƙusa a bayanta, a sako masa mashi da iyakar ƙarfi. In ta tare, a ɗauka. In ta huje, jikin mai ita ne zai fara sani. Mijina aka ɗora wa jifan don hannunsa ba ya kuskure.

Shekarar da nake faɗi, hari ya tare hanyar arewa, Buzaye ba su kawo fatar warwaji ba, dabbar nan ta hamada, wadda ita ce ta garkuwar kirki. Ga shi an aiko daga Damagaram a tara mazan yaƙi, har da ƙanena, autan Baba. Sai Baba ya samo fatar wani sa, ya ce wannan ta autansa ce, ba mai sa mata hannu sai shi. Ashe san ya taɓa ciwo an yi masa lalas da wutar ƙarfe a haƙarƙari. Inda wuta ta ci, fata ba ta da rai, ga shi tabon ya faɗo daidai inda ƙirjin mutum zai tsaya. Idon Baba ya riga ya yi rauni, bai gani ba.

Mijina ya gani, ranar da aka shanya ta a ƙofar zaure. To amma mutumin da in ya hango Baba a hanya sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya sunkuyar da kai, da wane baki zai ce wa surukinsa aikinsa ya ɓaci? Kunyar banza! Ni ya aika.

Na tarar da Baba yana shafa mata mai. Na ce, "Baba, wai an ce a duba tsakiyarta, akwai tabon wuta."

"Wa ya ce?"

Na sunkuyar da kai, don ni ma ba na kama sunan miji.

Ya ce, "Tun ba a haifi uwarsa ba nike yankan fata. Ki ce mai ya yi aikinsa, in yi nawa. In kuma ya tausaya mini ya sassauta hannu, kada ya ƙara tako mini ƙofa."

Na koma na kama rigar mijina ina kuka. Na ce ya jefi gefe, inda fatar ke da kauri, wa zai sani? Ya ce, "In na jefi gefe ta wuce, ƙanenki zai ɗauke ta. Can fagen yaƙi ba mai jifan gefe." Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa namiji ba.

Ranar gwajin da hantsi aka taru. Mata ba sa zuwa, amma na tsaya jikin danga ina leƙe. Baba ya durƙusa, ya zura hannun hagu a maɗauri, ya yi bisimilla. Mijina ya ja da baya, ko sau ɗaya bai dubi fuskarsa ba, tabon kawai yake kallo. Ya sako.

Ƙarar ba irin ta kullum ba ce, kamar an fasa busasshiyar ƙwarya. Mashin ya ratsa fatar, ya ratsa damtsen Baba, ya ɗinke hannun da haƙarƙarinsa. Baba ya faɗi rigingine da garkuwar manne a jikinsa, jini na tsartuwa ta ƙarƙashinta. Na tsallake dangar ban san na yi ba. Sai da aka taka garkuwar da ƙafa, maza suka ja, kafin mashin ya fito da tsoka a bakinsa. Wanzami ya sa ƙarfe a wuta ya ɗana a ramin don jinin ya tsaya. Nan ne Baba ya yi ƙara, kuma ƙaurin naman ubana har yau yana hancina.

Na tare a gidanmu ina jinya, na rantse ba ni ba komawa. Da Baba ya fara iya magana ya kira ni. Ya ce, "Tashi ki koma ɗakinki. Ki ce mai hannunsa bai karkace ba." Ko a nan ma ta bakina suka yi maganar.

Hannun ya shanye, Baba bai ƙara riƙe wuƙar fata ba. Ƙanena ya tafi da garkuwar wani baduku, wadda ita ma mijina ya jefa, ta tare mashin. Bayan damina ya dawo da ƙafarsa, ya jingine ta a zaure. Akwai kan kibiya a karye a tsakiyarta. Baba ya lallaɓa da hannunsa mai rai har ya taɓo ƙarfen, ya daɗe yana shafawa.

Ran nan na tuƙa wa mijina tuwo, na kai masa da kaina.