Ranar da Kwastan Ta Buɗe Akwati

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa aikin gwamnati ba ko na wuni ɗaya, amma 'ya'yanta uku Kwastan suke ce mata. Suna yara a bayan idonta suke faɗa. Yanzu da babbansu ya yi furfura, a gabanta suke faɗa, ita kuma ta amsa.

Tela ce. Keken ɗinkinta na ƙafa yana nan har yau a bakin tagar ɗakinta, duk da idon ya daina ganin kafar allura. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai leƙo gida ba, kuma ya rasu autanta yana shekara huɗu. Ita kaɗai ta riƙe yaran a ɗaki biyu, a saman shagon wani mai gyaran takalma. Ba ta duka. Ta ce hannun da zai wuni yana yankan yadi ba shi da rarar ƙarfin da zai ɓata a jikin yaro. Ita ƙwace take yi.

Kullum aka taso makaranta, sai yaran su jeru a bakin ƙofa ta laluba aljihu ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ba ta yarda da shi ba, ta jefa shi cikin wani koren akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, ta kulle, ta maida makullin cikin rigarta.

"Ranar da ka yi hankali, ka zo ka karɓa," in ji ta.

Shekara hamsin aka yi, ba wanda hankalinsa ya kai.

Da ƙafa ta fara yi mata gardama da matakala, sai Baba ya ɗauko ta ya dawo da ita gidanmu, ita da keken da akwatin. Baba shi ne babban ɗanta, kuma hedimasta ne, irin wanda ba ya barin hedimastancin a makaranta. A jikin firijin gidanmu akwai takarda mai nuna lokacin wanka, lokacin karatu, lokacin kallon talabijin. In ka makara wajen cin abinci da minti biyar, sai ka ji wa'azi har shayinka ya huce. To amma tun da Kaka ta zo muka lura da wani abu. Duk sanda Baba ya fara, "Ni da nake kamarku," sai Kaka ta yi wani ɗan tari daga inda take zaune, guda ɗaya tak, busasshe. Nan take Baba zai sassauta murya ya ce to, a dai kiyaye gaba. Mun sha tambayarta, sai ta ce maƙoshi ne, tsufa ba daɗi.

Rayuwarta a gidanmu ba ta da yawa, amma ba ta bari ta yi sanyi. Da safe ta sha shayi, ta ce an yi mata rowar sukari. Da hantsi ta zauna a baranda tana duba ɗinkin duk wanda ya wuce, tana faɗin inda telansa ya ci amana. Da yamma mu buga ludo, kuma ba a taɓa cinye ta ba, domin da ka waiwaya ɗan ludonta ya ƙara gida uku. In ka yi magana ta ce, "Idona ba ya gani, ke da kike gani me ya hana ki tsare?" Ranar da Gwaggo, wadda nas ce, za ta zo da na'urar gwada sukari kuwa, Kaka barci take kamawa mai nauyi, har da minshari, sai ta ji tashin motarta ta farka da yunwa.

In ana taro a gida, wurin zamanta ɗaya ne, bakin ƙofa. A walimar gama karatun ƙanwata, cokula bakwai ta zaro daga jakar wata baƙuwa, tana murmushi tana cewa, "Sannu 'yar nan, sun faɗa ciki ba ki sani ba."

Da Baba ya cika shekarun aiki, malamai suka shirya masa taron sallama a babban zauren makaranta. Shi da kansa ya tsara jadawalin, ya rubuta wa kowa mintinsa. A can ƙasa ya sa: addu'a daga mahaifiya, minti biyu. Na karanta wa Kaka, ta ce minti biyu ai har sun yi yawa.

Da safiyar ranar ta kira ni ɗakinta. Ta riga ta shirya, ta fesa turare, tana zaune a bakin gado.

"Matso da motarki bakin ƙofa. Ki kira mini Auta ya ɗauki akwatin nan."

"Kaka, akwatin kuma? Wurin taro za mu."

"Na ce miki kasuwa za mu?"

Baffa Auta makanike ne, gemunsa ya fara fari, yana da 'ya'ya biyar. Da ya ji abin da za a ɗauka, sai ga shi ya zo da sauri kamar an ce masa an yi masa haihuwa. Tun yana shekara tara Kaka ta ƙwace masa wata 'yar rediyo da ya harhaɗa da kansa, kuma har yau bai daina zancenta ba. Shi kaɗai ya sungumi akwatin ya sa a but ɗin mota, yana ta washe baki.

Zauren ya cika da ɗalibai da iyaye da tsofaffin malamai. Aka yi ta yabo. Mataimakin Baba ya ce shekara talatin da biyar mutumin nan bai taɓa bari ƙararrawa ta riga shi shiga makaranta ba. Wani tsohon ɗalibi ya ce shi gani yake da agogo a hannu aka haifi Hedimasta. Baba yana zaune a tsakiya cikin sabuwar riga, yana gyaɗa kai a hankali. Daga gefena na ji ɗan tarin nan.

Da aka zo kan Kaka, ta ƙi a kawo mata makirfo inda take. Ta dogara sandarta ta hau dandamali, Baffa Auta yana biye da akwati. Baba ya duba jadawalin da ke hannunsa, ya duba akwatin, ya cire tabarau.

"An ce in yi addu'a," in ji Kaka. "Zan yi. Amma akwai kayan mutane a wurina, kuma na tsufa, ba na so in tafi da su."

Ta zaro makulli daga wuyanta ta buɗe. Ta ɗan laluba, ta ɗago wani guntun ƙarfe mai tsatsa, tsawonsa kamar yatsa, kansa a dunƙule.

"Yara, wa ya san wannan?"

Ba wanda ya sani.

"Harshen ƙararrawa ne. Na makarantar da Hedimastanku ya yi firamare. Yana aji huɗu ya kwance shi ya sa a aljihu. Kwana tara mai gadi yana kaɗa ƙararrawa ba ta cewa uffan, har aka haƙura aka rataye tsohon ƙarfen tayar mota ana bugawa. Babba, zo ka karɓa. Na ga alamar ka yi hankali."

Sai wata yarinya a baya ta kasa riƙe dariyarta, daga nan kuwa aka ɓarke. Mataimakin Baba ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya miƙe, ya zo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Inna," da irin muryar da muke amsa masa da ita in ya kama mu.

Kaka ba ta gama ba. Ta ɗago wata ambulan da ta koma ruwan ƙasa, ba a taɓa buɗe ta ba.

"Nas, taki ce. Wani yaro ne ya ba ƙaninki ya kawo miki, kina shekara goma sha shida. Ni na tare ta a ƙofa."

Gwaggo ta juya ta kalli mijinta, shi ma ya kalle ta. Shekara talatin da wani abu da aurensu, kuma duk gardamar da za su yi sai ya tuna mata cewa wasiƙarsa ta farko ko amsa ba ta ba shi ba, ita kuma ta rantse ba ta taɓa ganin wata wasiƙa ba.

"Ga ta nan," in ji Kaka. "Sai ki karanta ki ba bawan Allah amsa, ya daɗe yana jira."

Duk wannan abu Baffa Auta yana tsaye a gefe yana murza hannu. Kaka ta ja murfin akwatin za ta rufe.

"Inna, ni fa?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai da saura."

A nan ne dai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Gwaggo da ta hau karɓar wasiƙa ta hango wani gwangwani mai ƙyalli a kusurwar akwatin, ta sa hannu ta ɗauko kafin murfi ya sauka. Cike yake da alewa.

"Inna, wannan fa na wa?"

"Na wani yaro ne, na ƙwace."

"Wane yaro?"

"Ya girma, ba ki san shi ba."

Gwaggo ta juya gindin gwangwanin ta ce ikon Allah, ga shi kuwa bana aka yi shi. Ta jefa a jakarta ta zuge. Kaka ta yi addu'arta, minti ɗaya ma ba ta cika ba, kuma ta sa wa kowa albarka ban da masu binciken kayan iyayensu.

Da muka koma gida da la'asar, Baba ya bi Kaka waje. Ya zauna a baranda yana jujjuya ƙarfen a hannunsa. Na kawo musu shayi, na tsaya ina goge teburin da ba shi da datti.

"Inna, me ya sa ba ki kai ni wurin malamai ba a lokacin?"

Kaka ta kurɓi shayi, ta ɓata fuska saboda rashin sukari.

"In na kai ka ai kaina na kai. Ka manta abin da ya sa ka cire? Kullum da safe kai ne mai goya Auta zuwa wurin maƙwabciya, kai ne mai kai ɗinkin mutane gida-gida, kafin ka isa an buga ƙararrawa. Kullum ka dawo da shatin bulala a ƙafa, ka ce mini faɗuwa ka yi. Ranar da na tsinci wannan a aljihunka ina wanki, na zauna na yi kuka na gode Allah. Washegari na fara kai ɗinkina da kaina."

Baba ya sosa ƙeya. Can ya ce shi wallahi ya manta da zancen goyon.

"Ni ban manta ba," in ji ta. "Amma sata sata ce. Ranar Litinin za mu je ka maida musu kayansu."

Ya ɗauka wasa take. Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai ta shirya tana jiransa a falo, ta ce ai ba a karɓar mai laifi a makaranta sai ya zo da iyayensa. Ni na tuƙa su. Makarantar tana nan, an yi mata sabon fenti, ƙararrawar ma yanzu ta lantarki ce. Shugabar makarantar kuwa, da ta ga Baba ta miƙe tsaye da sauri, ashe tsohuwar ɗalibarsa ce.

Kaka ta zauna ta yi bayani dalla-dalla, ta sa Baba ya ajiye ƙarfen a kan tebur. Shugabar ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce ba komai, Mama, ai ya wuce, an yafe.

"A'a 'yar nan, kar ki lalata mini yaro. A ba shi horo."

Shugabar ta dubi Baba, ta ga ya sunkuyar da kai yana danne murmushi, sai ta samu ƙarfin hali. Ta ce to, 'yan aji ɗaya ba su da mai koya musu karatu ranar Alhamis, malamar ta tafi hutun haihuwa.

Wata bakwai ke nan. Malamar ta dawo tuni, amma Baba bai daina zuwa ba. Ya ce yaran ba sa tsoronsa ko kaɗan, ɗaya har ja masa gemu yake yi, kuma yana faɗin haka ne cikin jin daɗi. Gwaggo ta rubuta wa mijinta amsa, shafi biyu, ta ce masa za ta yi shawara. Baffa Auta kuwa ya koma zuwa gaisuwa sau uku a sati, ya gyara mata ƙafar keken ɗinki, ya canja mata kwan fitila, yana yi yana satar kallon ƙarƙashin gado.

Jiya ya zo da lemo da ayaba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar mutumin kirki. Kaka ta ɓare ayaba ɗaya ta cinye, ta yaba, ta ce ya fara kama hanya, ya dawo ranar Laraba ya duba mata famfon banɗaki da ke ɗiga.