Mai Amsa wa Kaka

Yayata tana jami'a a Yamai, tana nazarin yadda mutane ke zaman duniyarsu: aurensu, sana'arsu, waƙoƙinsu. Tun tana lakol, wato makarantar boko, a garinmu Sae Sabuwa ba ta iya ko wanke-wanke sai da waƙa a bakinta. Hutun bara ta zo gida da aiki guda, ta ɗauki waƙar dakan kakarmu a waya. Tun da injin niƙa ya shigo gari mata suka rage daka, kuma a unguwarmu Kaka kaɗai ke riƙe da waƙar a ka. Ga shi numfashinta ya fara gajarta.

Malamin Yaya ya gargaɗe ta cewa mai bincike saurare yake, ba ya sa baki. Don haka ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙa waya, ta kama bakinta gam. Ni ina gindin rumbu ina ɓare wake.

Kaka ta zuba gero a turmi, ta ɗaga taɓarya, ta ja baiti. Ta saurara. Sai kukan kaji.

"To, wa zai amsa mini? Turmin?"

"Kaka, ke dai ci gaba. Muryarki kaɗai ake so."

"Su wa ke so? Ku ji mini 'yar lakol! Da kina goye a bayana da kuka ma amsawa kike, yau an kai ki Yamai an ɗinke miki baki."

Ta sake gwadawa, ba ta yi nisa ba waƙar ta ɓace mata, don a cikin amshi take hutawa ta tuno abin da ke gaba. Ta jingine taɓarya ta ce ta fasa, ƙirjinta ba zai ɗauka ba.

Na lura tun ɗazu babban yatsan ƙafar Yaya yana bugun ƙasa daidai da taɓarya. Ta dubi wayar, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ni ko a aji ba na ɗaga murya.

Sai Yaya ta kife ƙwarya, ta ɗora wayar a kai, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauko wata taɓaryar.

Kaka na bayarwa Yaya na amsawa, ta kai waƙar har ƙarshe, har da baitocin da Inna ta ce rabonta da jin su tun tana amarya. Haka Yaya ta tafi da ita Yamai, da muryarta a ciki, ta ce za ta gaya wa malamin yadda aka yi. Ta bar mana ita a wayar Inna. Can wajen ƙarshe, in an kasa kunne, akwai wata murya ƙasa-ƙasa daga gindin rumbu.