Ƙofar da Yaya Rabe Ya Ƙi Shiga

Yayana Rabe mutum ne mai shiru tun muna yara a Kurfi, irin shirun nan mai ba da haushi. Da matarsa Hasana ta rasu, ba ɗa ba jika, sai ya tattara ya kama aikin gadi a Zobe, lokacin ana gina dam. Aka gama aiki, injiniyoyi suka watse, aka bar shi da gidaje goma sha biyu a kulle. Shekara biyu bai leƙo gida ba, ko da Sallah. Ni Azumi na aika, na sake aikawa, har na gaji. Bayan girbin 1986 na yafa gyale na hau mota zuwa Dutsin-Ma, daga nan na bi ta masu sarin kifi. Niyyata ɗaya, in taso shi mu koma gida.

Da hantsi na same shi zaune a ƙasa gaban talabijin, riƙe da wata 'yar sanda mai waya. Dattijo da furfura! Na ce, "Yaya, abin da ya hana ka zumunci ke nan?"

Ya ce in zauna tukuna, janareto awa biyu kawai ake tadawa saboda famfon ruwa.

Ashe wani mai gyaran wuta ne, Tomas, mutumin Kafanchan, ya bar masa na'urar wasa ta talabijin. Tare suke cin tuwo a da, sai aka mai da Tomas ɗin Kaduna. Wasan kuwa, wani ɗan mutum ne siriri kamar tsinke a cikin ƙaton gida. In ka juya sandar sai ya yi tafiya. Ya tsinci makulli nan, ya buɗe ƙofa can, ya ture tulu ya tarar da tsani a ƙarƙashinsa. Yaya ya zana gidan kaf a bayan takardar buhun siminti, ɗaki arba'in da ɗaya. Ya ce akwai ƙofar da ta ci masa wata guda. Kuma wallahi duk ƙofar da ɗan mutumin ya isa, sai Yaya ya yi sallama a hankali, ya ɗan jira, sannan ya shiga.

Na yi dariya har da hawaye. Shi ko gezau.

"Ki duba," in ji shi. "Fitilu a kunne, tsakar gida a share. Da mutane a gidan nan, Azumi. Ban dai same su ba."

Nan dariyata ta tsaya. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya ƙaru. Na ce, "Mu da muke da rai a Kurfi fa? Ɗakinka na nan, ni ke share shi."

Ya ce in ya ga masu gidan zai bi ni. Saura ƙofa ɗaya. Ya kai ɗan mutumin gabanta, ƙofa ce mai labule ja, ga wasu abubuwa biyu a bakinta da ya ce takalman mata ne. Wata bakwai yana zuwa nan yana juyawa.

"Cikin gida ne. Namiji baƙo ba ya faɗa wa matan mutane. Amma ke mace ce."

Ya miƙo mini sandar, ya juya wa talabijin baya. Kai, ni da ban taɓa riƙe irin wannan abu ba! Na buga ɗan mutumin da bango ya fi sau biyar kafin na daidaita shi. Na yi sallama, don Yaya na saurare, na shiga.

Ɗaki ne fayau. Kujera ɗaya, taga ɗaya. Sai wani kiɗa ya tashi, rubutun boko ya cika gilashin. An gama ke nan.

"Kin ga wani?"

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani. In ce ga uwargida, ta ma gaishe ka, tashi mu tafi. Amma bakina ya riga ni.

"Ba kowa, Yaya. Ko kaza babu."

Ya juyo ya daɗe yana kallon kujerar. Can ya nuna ɗan mutumin ya ce, "Ashe shi ma bawan Allahn nan shi kaɗai aka bari."

Na ce to ai an gani, ya ɗauko jakarsa, motar kifi ba ta jira. Ya karɓi sandar daga hannuna, ya danna wani maɓalli, ɗan mutumin ya koma ƙofar farko.

"Ki gaida gida," ya ce. "In na tafi, wa zai riƙa zuwa wurinsa?"

Na zazzaga masa faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da darajar iyayenmu. Ina ɗaure kayana a bakin ƙofa na ji shi yana sallama, yana jira.