Lambar da Ta Manne a Fatar Tabarau

Deribe ya zo Jimeta daga Barno shekarar da aka sami 'yancin kai, da akwatin katako guda da hantsaki biyu. Ya kafa tebur a bakin kasuwa, bai sake tashi ba. Agogo yake gyarawa, amma tabarau ne aikin da ya fi tayar masa da zuciya. Mutum ya wanke riga, ya wanke ƙafa, abin da ke kan hancinsa kuwa sai ya shekara goma bai ga ruwa ba.

A zamanin Jihar Arewa Maso Gabas ne Bobboyi ya zo masa. Dattijo ne, matuƙin jirgin fito a kogin Binuwai. Ƙyallin ruwa ya cinye masa ido, ba ya iya tuƙi sai da baƙin tabarau da likita ya auna masa. Gilashin dama ya fashe, ƙusar hannu ɗaya mai rataya a kunne ta ɓace. Sau biyu ke nan yana kafe jirgi a yashi, shugabansa ya ce in wata ya ƙare bai gyara ba, wani zai karɓi tuƙin.

"Ishmael, akawunmu, ya rubuta wa kantin Kano har sau uku," in ji Bobboyi. "Sun ce sai an aiko da lambar firam, wai ƙarfen da ke riƙe gilashin."

"Me ya rubuta musu?"

"Baƙi ne, mai kyau, irin na Turawa."

Deribe ya yi tsaki. Takarda uku, amma akawun bai taɓa juya tabarau ɗin ya duba ba. Lambar a cikin hannun take, inda kowane kamfani ke bugawa.

Sai dai hannayen a rufe suke. Shekara tara da suka wuce Bobboyi ya kai wa wani baduku a unguwar Makama ya ɗinke su da jar fata, don kada ƙarfen ya ci masa kunne. Yanzu fatar ta koma baƙa ƙirin, tana danƙo, tana warin gumi da man shanu da ƙarnin kifi.

"Bappa, wannan tabarau ne ko mushe?" in ji Deribe.

"Yi a hankali, Malam. Ya girmi 'ya'yanka."

Deribe ya toshe hanci da hannun riga, ya farke ɗinkin da reza. Wani koren ruwa ya biyo yatsansa. Ƙarfen ya zagwanye, gumi ya cinye lambar, ko alamarta babu. Bobboyi ya zauna a kan benci.

Deribe ya ɗauki fatar da hantsaki zai wurga kwata, sai ya tsaya. A cikinta, cikin dauɗar da ta daskare, ga sawun rubutu a juye. Shekarun da fatar ta yi a matse da ƙarfen sun kwafe lambar kafin ta mutu. Ya shimfiɗa ta, ya kara madubi, ya kusanto da fuskarsa har warin ya shiga maƙogwaronsa. Ya karanta, ya rubuta: lambar firam, faɗin gilashi, ƙusa biyu. Ya haɗa da tsohuwar takardar likita da Bobboyi ya kawo, ya kai gidan waya da kansa. Ranar bai iya cin tuwo ba.

Kwana ashirin da uku kaya suka iso. Gilashin ya zauna daram. Bobboyi ya koma ruwa, tuƙi bai bar hannunsa ba.

Bayan mako biyu ya zo da ƙaton kifi, ragon ruwa, a kwando, tukwici. Deribe ya ɗaga kai. An sake ɗinke hannayen tabarau ɗin da sabuwar jar fata, har ta fara duhu wajen kunne.

 Deribe ya ɗauki ƙusa ya zana lambar a jikin teburinsa, ya tashi ya nemo sabulu.